Sunan da ke gindin taga

Ruwan sama ne ya kora ni cikin cocin, ba niyya na yi ba. Lokacin ina karatu a Ingila. Wata Asabar na hau keke na fita bayan garin Kambirij shan iska, hadari ya haɗo ina daidai wani ƙauye da ake kira Swaffham Prior. Ƙauyen coci biyu gare shi a fili ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, sai na tura ƙofar wanda na samu a buɗe na fake. Ba kowa a ciki. Ina karkaɗe rigata na ɗaga kai, sai ga tankar yaƙi a jikin taga.

Ba gizo idona ya yi mini ba. Tanka ce sosai, irin ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, an fitar da ita da gilashi mai launi a inda na zaci zan ga annabawa da mala'iku. Ga jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, ga ƙaton balan-balan ɗin nan na Jamusawa, Zeppelin, da ya riƙa sako wa Landan bama-bamai, ga sojoji cikin rami, ga 'yan mata a masana'anta suna haɗa harsashin igwa. Kowane hoto an ɗora masa aya daga Littafi Mai Tsarki. Ta 'yan matan ce ta fi tsaya mini a rai, ayar nan da ke cewa duk abin da hannunka ya samu na yi, ka yi shi da iyakar ƙarfinka. Wato nasihar da aka yi wa mutum kan ya riƙe sana'arsa da gaske, ita aka ɗauko aka liƙa a kan ƙera abin da zai tarwatsa ɗan wata. Babban mai ƙasa na ƙauyen, C. P. Allix, shi ya tsara tagogin da kansa bayan an gama yaƙi, don tunawa da samarin ƙauyen da suka tafi ba su dawo ba.

Na fito raina a jagule, kuma tun daga ranar na zama mai leƙen tagogi. Duk garin da na je, in na ga tsohon coci a buɗe sai na shiga. Abin da na tarar shi ne Swaffham Prior daban take, ita ta fito fili ta nuna ƙarfe da wuta. Sauran kusan salo ɗaya ne: a sama wani kyakkyawan saurayi cikin sulke, ko mala'ika riƙe da takobi, a can gindi kuma, inda ido ba ya fara sauka, layi biyu ko uku na rubutu. Sunan yaro, bataliyarsa, inda ya faɗi, shekarunsa. Sha tara. Ashirin da biyu. Wani lokaci sunaye biyu ne masu uba ɗaya, 'yan watanni tsakani.

Turawa da kansu sun daɗe suna ja-in-ja a kan waɗannan tagogi. Wasu na cewa ɗakin Allah ba wurin kambama yaƙi ba ne. Wasu na cewa tarihi ne, kada a taɓa ko ɗaya. Ni baƙo ne a gardamar, Musulmi kuma, wanda ya tashi a inda ba a sa hoto a masallaci, ko suna ma ba a cika rubutawa a kan kabari ba. Amma baƙo ma da idonsa. A ganina kowace taga magana biyu take yi. Hoton da ke sama yawanci ƙarya yake faɗa, ƙarya mai kyan gani. Sunan da ke gindi shi ke faɗin gaskiya, kuma albarkacinsa nake ganin yawancin tagogin sun cancanci a bar su inda suke.

Sai an san dalilin yawansu kafin a yi musu hukunci. Daga 1914 zuwa 1918 Birtaniya ta rasa sojoji sama da 700,000. A rana ɗaya tak, 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, an kashe mata mutum 19,240. Ƙauyukan Ingila da Wales da duk mazan da suka tura suka dawo da rai ba su wuce hamsin da 'yan kai ba. Sannan aka yanke hukuncin da ya ƙona zukatan iyaye: ba za a dawo da gawa gida ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi da Fabian Ware ya assasa a 1917 ta dage kan a binne kowa a ƙasar da ya faɗi, hafsa da farabiti dutse iri ɗaya, don kada mai hali ya ɗauko ɗansa, talaka ya bar nasa a baƙon wuri. Hujja ce mai kyau. Amma abin da ya kai ga uwa a ƙauye takarda ce daga gidan waya, shi ke nan. Ba wanka, ba makara, ba inda za ta je ta tsaya. Dubbai ma ko kabarin Faransa ba su samu ba, igwa ta cakuɗa su da laka. Ginin tunawa na Thiepval kaɗai yana ɗauke da sunaye sama da 72,000 na waɗanda ba a san inda gawarsu take ba.

Duk wanda aka taɓa yi wa rashin da ba a ga gawa ba ya san wannan ciwo. Mutuwar da aka yi wa sutura tana da ƙofar fita. A yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, mace ta fita takaba, rai ya fara dangana. Wadda ba a ga gawa ba kullum ɗanya ce. A nan tagar coci ta shigo. Ta zama kabarin da iyali ke iya zuwa da ƙafa kowace Lahadi, su zauna a bencin da yaron ya saba zama, su ɗaga kai su ga sunansa.

Aikin kansa ba wasa ba ne, ban ma san lokacin da na fara girmama masu yinsa ba. Launin ba fenti ba ne da aka shafa a sama. Tun gilashin yana narke a wuta ake zuba masa ma'adini, kobalt ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da ja ko kore, zinariya ta ba da wani ja mai haske. Rawaya kan zo ta wata hanya, haɗin azurfa ake shafawa a bayan gilashin a gasa, dabarar da masu gilashi na Masar da Sham suka daɗe da sani kafin ta shiga tagogin Turai a farkon ƙarni na 14. A yanka gilashin gutsure-gutsure bisa zanen da aka yi a takarda, a fitar da ido da hanci da ninkin riga da wani baƙin haɗi na tsatsar ƙarfe da garin gilashi, a sake gasawa har ya kama, sannan a harhaɗa da siraran sandunan dalma a liƙe. Masu narka kwalba a Bida da ke fitar da munduwa da dutsen wuya za su gane rabin aikin da kallo ɗaya. In ka tsaya a waje da rana tsaka, tagar baƙa ce ƙirin, ba ka ganin komai sai saƙar dalma. Sai ka shiga ciki, rana ta bugo ta baya, sannan fuskar ke fitowa. Don 'yan ciki aka yi ta.

To, ina ƙaryar take? Yaron da ya mutu a Somme bai mutu cikin sulke ba. Cikin laka da ƙwarƙwata ya mutu, wataƙila yana sarƙe a waya mai ƙaya yana kiran uwarsa tun hantsi har duhu, wataƙila iskar guba ce ta cinye masa huhu. A taga kuwa sai a mai da shi Waliyyi Joji, majiɓincin Ingila, yana soke ƙaton maciji da mashi, ko Mala'ika Mika'ilu, ko wani barde daga tatsuniyoyin Sarki Arthur. Wasu iyalan har hoton yaron suke kai wa mai zane, a ɗora fuskarsa a kan jikin waliyyin. A ƙasa kuma a sa ayar Yohanna 15:13, wadda ke cewa babu ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa saboda abokansa. Amma a Linjila mai wannan magana, bisa imanin Kirista, ya tafi ga mutuwa ne bai ɗaga wa kowa makami ba. Soja kuwa an tura shi ya kashe ne, ya gamu da wanda ya riga shi. Daga 1916 ma ba sa kai ba ne, doka ce ta tilasta wa samari shiga.

Kuma in ɗanmu ne Joji, wane ne macijin? Ɗan wata mata ne a Jamus, shi ma ɗan sha tara, wanda a kan ƙarfen ɗamararsa an rubuta "Allah yana tare da mu" da harshensu. Shi ma sunansa na nan a wani coci can. Bishop na Landan na lokacin, Arthur Winnington-Ingram, ya fito ƙarara a 1915 ya kira yaƙin da yaƙi mai tsarki, ya yi ta zuga samari su shiga soja. Mu da muka ga abin da ya faru a Borno da Yobe ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da ke biyo baya in mai wa'azi ya ce kisa ibada ne ba. Ban ce jirgi ɗaya ya kwaso su ba, amma kunnena ya san wannan kiɗa. Shi ya sa, duk da ta tayar mini da hankali, na fi ganin mutuncin tagar Swaffham Prior a kan ta masu sulke. Ita ba ta ɓoye tankar ba. Laifinta a ayoyin yake, inda ta ari bakin Allah ta ci albasa.

Akwai kuma maganar aljihu. Hukumar ta hana mai kuɗi ɗauko gawar ɗansa, amma ba ta hana shi sayen taga ba, taga kuwa tsada gare ta. Daidaiton da aka tsayar a maƙabartun Faransa sai ya rushe a cocin ƙauye: laftanar ɗan mai ƙasa ya samu taga sukutum mai tsayin mutum uku, ɗan mai share masa barga ya samu layi ɗaya a allon tagulla kusa da ƙofa. Don adalci, 'ya'yan manyan ba ɓuya suka yi ba. Ƙananan hafsoshi su ke fara fita daga rami da bindigar hannu, kuma kason mutuwarsu ya fi na sauran sojoji. Amma mutuwa ɗaya ce, hasken da aka ba ta ne ya bambanta. Akwai ma waɗanda ko layin wasunsu ba su samu ba: mutum 306 da sojojin Birtaniya suka ɗaure suka harbe bisa laifin tsoro ko gudu, da yawansu ƙarar igwa ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sai a 2006 aka yi musu afuwa, iyayensu duk sun daɗe a ƙasa.

Duk da haka ba zan iya tsayawa gaban uwar da ta sayi tagar in ce mata ta yi ƙarya ba. Me ake so ta zana? Ɗanta a sarƙe a waya? Mu ma in an yi mana rashi ai cewa muke yi fuskarsa ta yi haske, kamar barci yake. Ƙaryar da mai makoki ke yi wa kansa don ya iya tashi gobe daban take da wadda mai mulki ke yi wa jama'a don ya samu sababbin kurata. Matsalar ita ce a taga ɗaya sukan haɗu, gilashi kuma ya fi mai makoki tsawon rai. Uwar ta mutu, bishop ya mutu, yaron da ke zaune a bencin yau bai san kukan ba, barde mai ƙyalli kawai yake gani.

Tagogin Yaƙin Duniya na Biyu sun fi sauƙin karewa, don wanda aka yaƙa Hitila ne. A garin Sainte-Mère-Église na Normandy a Faransa, inda sojojin laima na Amurka suka dira cikin dare ranar 6 ga Yuni 1944, akwai coci mai tagar da ta nuna Maryamu da jaririnta, sojoji na saukowa da laimominsu dama da hagu. A hasumiyar cocin nan ne laimar wani soja, John Steele, ta maƙale, ya yi sa'o'i yana lilo yana kwaikwayon gawa, har yau akwai mutum-mutuminsa a rataye a wurin. Garin da aka ƙwato daga mamaya in ya yi godiya ban ga abin zargi ba. A cocin Westminster Abbey na Landan kuma akwai tagar da Hugh Easton ya tsara, aka buɗe a 1947, don matuƙan jiragen da suka kare sararin Birtaniya a 1940, da kundi mai sunaye 1,497. Tagar kyakkyawa ce, amma abin da ya fi ta magana a ɗakin wani ɗan rami ne a bango, wanda ɓarɓashin bam ya huda. Ba su toshe shi ba, gilashi fari suka sa suka bar shi.

Wadda na fi so a duk ƙasar ba soja ko ɗaya a jikinta, hoton mutum ma kusan babu. A babban cocin York take, ana ce mata 'Yan'uwa Mata Biyar: dogayen tagogi biyar a jere, kowace ta haura mita 16, an yi su tun wajajen 1250. Gilashin toka-toka ne mai ratsin kore, cike da zanen ganye da saƙar layuka, irin adon da in ka gan shi a bangon masallaci ko a gaban babbar riga ba za ka ce baƙo ba ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an sauke ta an ɓoye don tsoron bam. Da aka gama, wata mata, Helen Little, ta lura ƙasar ta cika da abubuwan tunawa da maza, matan da suka mutu a bakin aiki kuwa ba mai zancensu. Ita da Almyra Gray suka buɗe asusu, mata sama da 30,000 suka yi karo-karo, cikin mako tara kuɗin gyara ya haɗu. A 1925 aka mayar da tagar da sunan waɗannan mata. A kusa da ita, jikin allunan katako, an rubuta sunaye 1,513: masu jinya, direbobin motar asibiti, ma'aikatan jiragen ruwa, da 'yan matan masana'antar harsashi, irin waɗanda na gani a Swaffham Prior suna aiki da iyakar ƙarfinsu, waɗanda guba ta mai da fatarsu rawaya ko fashewa ta tashi da su. Edith Cavell, nas ɗin da Jamusawa suka harbe a Brussels a 1915, tana ciki, layi ɗaya kamar kowa. Ba sulke, ba maciji, ba wanda aka ce Allah na bayansa. Haske kawai da sunaye. Na fi awa ɗaya a wurin ina buɗe allunan ɗaya bayan ɗaya, ban san ko mutum ɗaya a ciki ba.

Ban ce kowace taga a bar ta ba. A babban cocin Washington an sa wasu a 1953 don Robert E. Lee da Stonewall Jackson, janar-janar na Kudu a yaƙin basasar Amurka, da suka yi yaƙi don bautar da baƙar fata ta ɗore. Jackson a yaƙin ya mutu, a 1863, sojojinsa ne ma suka harbe shi bisa kuskure. Amma a yi lissafi: an gama yaƙin a 1865, shekara 88 kafin a sa tagogin. Ba uwa mai kuka, ba mai takaba. Wata ƙungiyar mata zuriyar sojojin Kudu ce ta nema ta kuma tara kuɗi, a daidai lokacin da baƙaƙen Amurka ke shiga kotu suna neman a rushe wariya a makarantu. Wannan ba kabari ba ne, tuta ce aka kafa. Bayan wani ɗan wariya ya kashe masu ibada tara a cocin baƙaƙe a Charleston a 2015, da tarzomar Charlottesville a 2017, cocin ya sauke tagogin, a 2023 ya sa sababbi da Kerry James Marshall ya zana. Sun yi daidai, kuma sun yi daidai da ba su fasa tsofaffin ba, adana su suka yi. Abin tambaya a kan kowace taga shi ne wa ya sa ta, yaushe, kuma da kuka ya sa ko da gadara.

Barazanar da ke kan yawancin tagogin nan ma ba 'yan gardama ba ne, rashin masu zuwa ne. Cocin Ingila kan rufe majami'u kusan ashirin duk shekara, dalma kuma in ta daɗe sai ta saki, gyara na son kuɗi. Wasu gine-ginen sun koma gidajen haya, wasu shaguna, wasu masallatai. Masallacin Brick Lane a Landan asalinsa coci ne da aka gina a 1743, ya zama majami'ar Yahudawa, sannan masallaci a 1976. A nan maganar ta iso ƙofarmu. In 'yan'uwa sun sayi tsohon coci suka tarar da irin wannan taga, ba mai cewa su yi salla a ƙarƙashin hoto. Amma guduma ba ita ce mafita ba. Akwai gidan adana tagogi a cikin babban cocin Ely, akwai masu karɓar gilashin majami'un da aka rufe su nema masa sabon wuri. A kira su, a sauke da mutunci, a kwafe sunayen a ba hukumar gari. Wanda ya sayi gida ya tarar da ajiyar marayu a ciki, amana ya tarar.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa tun farko ban iya kallon tagogin nan da sanyin rai ba. A yaƙe-yaƙen duniyar nan biyu akwai namu. Harsashin farko da sojan Birtaniya ya harba a Yaƙin Duniya na Ɗaya ana danganta shi ne ga Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast, a Togo, cikin Agustan 1914. Sojojin Najeriya sun yi yaƙin Kamaru, sun yi na Gabashin Afirka, da Hausa ake ba su umarni. A yaƙi na biyu dubun-dubatarsu aka kwasa zuwa Burma, wadda tsofaffinmu ke cewa Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82, suka ratsa dazukan Kaladan da Arakan, wasu da bindiga, wasu da kaya a ka. A duk yawon da na yi ban ci karo da fuskar ɗayansu a gilashi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai yawancinsu Musulmi ne, me za su yi da taga a coci? Gaskiya ne, kuma ba taga nake nema musu ba. Layin gindin nake nema. A Afrilun 2021 ita kanta hukumar kaburburan ta fitar da rahoto ta amsa cewa alƙawarin daidaiton nan bai ƙetare teku ba. Cikin mamatan yaƙi na ɗaya, tsakanin mutum 45,000 zuwa 54,000, yawanci 'yan Afirka da Indiya, ba a tuna da su kamar yadda aka tuna da Turawa ba, wasu aƙalla 116,000 kuma, ƙila har 350,000, ba a rubuta sunansu ba sam. Rahoton ya kawo maganar gwamnan Gold Coast, Guggisberg, a 1923, cewa ɗan ƙasa ba zai gane amfanin dutsen kabari ba balle ya yaba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. A shekarun da ake gasa fuskar laftanar a gilashi, a shekarun ne wani ya zauna a ofis ya yanke cewa ɗan dakon da ya ɗaukar masa akwati ba ya bukatar suna.

Amma laifi tudu ne. Mu me muka yi da su? Sunayen wuraren da suka mutu muka riƙe, muka bar nasu. Barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Dodan da Arakan a Legas, Burma Camp a Accra, duk daga yaƙin Bama suka samo suna, kuma cikin masu wucewa ta ƙofarsu kullum kaɗan ne suka sani. Kowace 15 ga Janairu a yi ranar 'yan mazan jiya, manya su ajiye furanni a Abuja, a saki fararen tattabaru, a watse. Da aka kai hari Metele a Nuwamban 2018, rundunar soja ta ce mutum 23 ta rasa, kafafen labarai suka ba da adadin da ya ninka haka, jama'a suka koma gardamar lamba kamar ana ƙirga buhuna. Ba kuma don ba a iya ba ne. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta a Maris 2024, an fitar da sunayensu da hotunansu, aka binne su a Abuja shugaban ƙasa na tsaye. Abin da aka yi wa sha bakwai ɗin nan shi ya kamata ya zama ƙa'ida, ba alfarma ba. Ba gilashi nake so ba, ba mutum-mutumi ba. Kundi buɗaɗɗe da kowa zai iya dubawa, da allo a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma mai sunayen 'ya'yanta, a karanta su a rediyo ranar 15 ga wata. Mai ganin wannan al'adar Nasara ce ya buɗe littafin sira, zai tarar da shahidan Badar su goma sha huɗu, kowa da sunansa da na ubansa.

A gidanmu ma akwai wanda Bama ta ci, ƙanin kakana na wajen uba. An ɗauke shi yana saurayi, bai yi aure ba, bai bar hoto ba. Abin da gidan ya iya yi masa shi ne abin da Bahaushe ya saba: da aka haife ni aka mayar mini da sunansa, shi ya sa har yau manyan gidan ba sa kama sunana, Baffa suke ce mini. Da na dawo daga Ingila na shiga shafin hukumar a intanet, don sojojin yaƙi na biyu an rubuta su, da yawa a ginin tunawa na Taukkyan kusa da Yangon, mai sunaye kusan 27,000. Matsalar ita ce akawun soja na wancan zamani ba ya tambayar sunan uba. Sunanka zai rubuta yadda kunnensa ya ji, ya ɗora sunan garinku a baya. Na gwada rubutun ta hanya huɗu, na samu mutum uku masu sunansa da sunan garinmu, kowa da lambarsa da ranar mutuwarsa.

Na kai wa gwaggona wayar, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka gan shi da ido, tana 'yar shekara shida ya tafi. Na ce, "Gwaggo, na samo su, amma su uku ne, ban san wanne ne namu ba." Ta karɓi wayar ta juya ta, ba ta iya boko ba, ta miƙo mini. Ta ce, "Karanto mini su duka, Baffana." Na karanta, da lambobin da ranakun. Ta tambaye ni ko an rubuta cewa yana da tabo a goshi, inda jaki ya taɓa harbinsa. Na ce ba a rubuta ba. Ta yi shiru, sannan ta ce in sake karantowa a hankali, ta ɗaga hannu ta yi wa su ukun Fatiha.